Kabad a Cike, Rariya Ta Ɓata: Nazarin Gyaran Kicin ɗin Wani Gida a Gyallesu

A ƙarshen watan Agustan 2023, ana tsakiyar marka a Zariya, ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin ɗin yayata ta ɓalle ta faɗo a hannunta. Katakon ya sha ruwa ya kumbura har ƙusoshin suka rasa abin kamawa, kuma da ta durƙusa ta leƙa ciki sai ta tarar kyankyasai sun yi gida a bayan tukwane, ga wata ledar garin masara da ta manta da ita ta yi funfuna. A ranar ta aika a kira kafinta, da niyyar ya mayar da ƙofar, ya kuma ƙara mata kabad biyu a bangon da ya rage, domin a ganinta ƙarancin wurin ajiya shi ne ciwon kicin ɗin. Da ta gaya mini, na roƙe ta ta jinkirta maganar ƙarin kabad na mako biyu, ta bar ni in duba abin da ke cikin waɗanda take da su tukuna. Ni malamar darasin tattalin gida ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma na daɗe ina zargin cewa abin da muke koyarwa a aji game da tsara kicin bai cika yin la'akari da yadda ake girki a gidajenmu ba. Wannan rubutu bayani ne na abin da muka tarar, da abin da muka yi, da inda lissafina ya yi daidai, da inda ya kuskure.

Gidan da kicin ɗinsa

Gidan yana Gyallesu, kuma mutum tara ne ke ci daga tukunyarsa kullum: Yaya da maigidanta, da yaransu biyar, da ƙanin maigidan mai karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, da wata yarinya 'yar shekara 14, 'yar ƙanwar maigidan, wadda Yaya take riƙo. An yi auren a 2011, sun zauna gidan haya a Tudun Wada, sannan suka tare a nasu a 2016. Kicin ɗin ƙafa goma ne a tsawo, takwas a faɗi. Yana da kabad huɗu a sama, biyu daga ciki masu ƙofar gilashi, da huɗu a ƙasa, da durowa huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa, da ɗan sito a gefe. Idan aka kwatanta da kicin ɗin gidajen haya da yawa a Tudun Wada ko Sabon Gari, inda kanta ɗaya da kwando su ne wurin ajiya gaba ɗaya, wannan kicin na masu hali ne.

Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne cewa girkin gidan a wuri biyu ake yin sa. A ciki akwai gas mai kai biyu, wanda ake dafa shayi da miya da abincin yara na safe a kansa. Amma tun da gas ya yi tsada, duk abin da zai daɗe a wuta, wato tuwo da wake da dambu da ɗanwake idan an yi da yawa, a tsakar gida ake yin sa a kan gawayi. Ruwan famfo kuma ba kullum yake zuwa ba, saboda haka jarkoki shida da duro ɗaya sun cinye kusan rabin filin tsayuwa.

Kwana uku na kallo

Kafin a taɓa ko cokali, na yi kwana uku ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, in zauna a bakin ƙofar kicin da littafi, in rubuta duk abin da aka ɗauka aka yi amfani da shi har zuwa kwashe tuwon dare, na safe da na rana kuma yarinyar ta lissafa mini. Yaya ta yi ta dariya tana cewa na mayar da ita ɗaliba, amma abin da littafin ya nuna ya kashe dariyar. A kwana uku, kaya 34 kacal aka taɓa a kicin ɗin nan: tukwane huɗu, kasko ɗaya, muciya, maburgi, mara, ludayi biyu, rariya, wuƙaƙe biyu, kuloli biyar, faranti da kofuna da cokula na yau da kullum, da ɗan abin da ba a rasa ba. Kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan 34 da yake zaune a wurin da hannu zai kai gare shi ba tare da an durƙusa, ko an taka kujera, ko an ɗaga wani abu daga kansa ba.

A daren na biyu na ƙirga zirga-zirgar yarinyar tsakanin murhun gawayi da kicin, daga ɗora ruwan tuwo zuwa kwashewa, sai na samu sau goma sha ɗaya. Tukunyar tuwo tana can ƙuryar kabad na ƙasa mafi nisa da ƙofa, kuma sai an fito da tukwane uku kafin a kai gare ta. Rariya tana saman kabad, sai ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta taka. Ana cikin talge aka nemi maburgi aka rasa, na ji ta ce cikin sanyin murya, "Anti, ban gan shi ba," Yaya kuma daga tsakar gida ta ce, "Ke dai kullum ba ki ganin abu, ina kika ajiye shi jiya?" Gaskiyar magana ita ce yarinyar ba ta da inda za ta ajiye shi, domin maburgin ba shi da mazauni; duk inda ta ga sarari bayan wanke-wanke nan take cusa shi, gobe kuma wani ya cusa wani abu a kansa. Wannan faɗan na kullum da ake yi wa yarinya a kan laifin da ba nata ba shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, fiye ma da kyankyasan.

Abin da ya fito daga cikin kabad

Ranar Asabar da safe muka shimfiɗa tabarmi uku a baranda, muka kwashe komai, kabad bayan kabad, muna haɗa kowane iri da irinsa. Sai da kayan suka fito fili Yaya ta yi shiru. Kulolin abinci 23 muka ƙirga, manya da ƙanana. Saitin faranti na tangaran uku, biyu daga ciki ba a taɓa fitar da su daga kwali ba tun 2011. Robobi da kofuna da ƙananan bokitai na rabon biki, masu hoton amarya da ango ko sunan jariri, sun haura sittin. Murafe 17 waɗanda tukwanensu da robobinsu suka daɗe da mutuwa. Rariya uku, maburgi huɗu, gwagwa uku, domin duk lokacin da aka nema aka rasa sai a aika yaro kasuwar Tudun Wada ya sayo wani. Bilanda biyu, ɗaya ta ƙone tun shekara huɗu da suka wuce ana jiran a kai ta gyara. Sai jeren samira da kwalla na Hajiyarmu, waɗanda ita ma da su aka kai ta ɗakin miji.

Durowoyin sun fi kabad ɗin ban tausayi. Ta sama ce kaɗai ke da alaƙa da girki, ita ma cokula da wuƙaƙe a cakuɗe suke, ta yadda mai neman cokali zai iya yankewa. Sauran ukun sun zama juji mai murfi: ledoji a cukurkuɗe, makullan da ba wanda ya san ƙofarsu, matattun batura, guntayen kyandir, katunan asibiti, rasiɗan makaranta, da magunguna na yara da na manya waɗanda wa'adin mafi yawansu ya wuce.

Abin da ya tayar mini da hankali kuwa a kabad ɗin da ya ruɓe yake. A can ciki, kafaɗa da kafaɗa da galan ɗin man gyaɗa, akwai kwalbar fiya-fiya da aka toshe bakinta da leda, da kananzir a cikin gorar lemo wadda ko takardarta ba a cire ba. Autan gidan shekararsa biyu da rabi a lokacin, kuma wannan kabad daidai tsayinsa yake. Na ɗaga gorar na nuna wa Yaya ba tare da na ce komai ba, ita ma ba ta ce komai ba, ta karɓa ta fita da ita. Kananzir a gorar lemo ko ta ruwa yana daga cikin sanannun hanyoyin da ƙananan yara ke shan guba a gidajenmu, domin yaro gorar ya sani, bai san abin da ke ciki ba.

Inda cunkoson ya samo asali

Da muka zauna muna duban tarin kayan, na tambayi Yaya wanda ya yanke shawarar inda kowane abu zai zauna lokacin da suka tare. Ta ce ai su Goggo ne suka zo suka yi jere, kamar yadda suka yi mata ranar da aka kai ta. A nan, a ganina, asalin matsalar take. Jere ado ne, kuma masu yin sa gwanaye ne a kan abin da aka kira su yi, wato su fito da darajar kayan da iyaye suka yi wa 'yarsu domin 'yan ganin ɗaki su gani. Saboda haka mafi kyawun kaya su ne ke samun mafi kyawun wuri, daidai ido, daidai hannu, a bayan gilashi. Tukunyar da ta yi baƙi da muciyar da ta sha tuwo kuma a tura su inda ba za a gan su ba. Wannan tsari yana da ma'ana a makon biki. Amma Yaya ta shekara bakwai tana girki sau uku a rana a cikin kicin da aka jera domin baƙi, kuma ko sau ɗaya bai zo mata a rai cewa tana da ikon sauya wa kayan wuri ba, saboda manya ne suka ajiye su.

Ya kamata a fahimci nauyin waɗannan kaya kafin a kira su tarkace. Tun zamanin jeren ƙorai, zuwa na tasoshi da kumbo, zuwa na samira da kwalla, har zuwa na tangaran da kuloli a yau, kayan ɗakin mace dukiyarta ce ta kanta, wadda uwa ke tarawa da kuɗin sana'a da adashi tun 'yar tana ƙarama, kuma mata da yawa sun fita kunya da su a ranar da gida ya shiga matsi. Duk shawarar gyaran kicin da ta fara da cewa a zubar da abin da ba a yi amfani da shi a shekara guda ba, ba ta san gidan Bahaushe ba, kuma matar gida za ta saurare ta ne kawai don kara, ta ci gaba da abin da take yi.

Dalili na biyu shi ne sayen abinci da yawa a lokaci guda. Maigidan yakan sayo masara da wake da kaka, sa'ad da suke da araha a kasuwannin hatsi irin ta Giwa, kuma wannan tattali ne mai kyau. Sai dai buhunan a ƙasa suke a jingine da bango, ana ɗiba ana kai niƙa, ragowar gari kuma a ƙulle a leda a jefa duk kabad ɗin da ya samu. Mun tarar da ƙullin kuka huɗu, na busasshiyar kuɓewa uku, na yaji biyar, kowanne an fara an manta. A bayan buhunan akwai kashin ɓera, kuma wannan ba abin wasa ba ne: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yana kama mutane ne galibi ta abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa, shi ya sa NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, take nanata a riƙa ajiye abinci a mazubi mai murfi. Hatsin da ya yi funfuna kuma, musamman masara da gyaɗa, yana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta, don haka garin da ya canja wari bai kamata a tankaɗe a tuƙa ba.

Na uku ginin kabad ɗin ne. An yi na ƙasa da katakon MDF, irin wanda ake matsewa daga garin katako da gam, aka dasa shi kai tsaye a kan siminti, ga shi kuma bututun wurin wanke-wanke yana ɗiga a hankali ba wanda ya lura. Irin wannan katako da zarar ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa. Kabad ɗin suna da zurfi ƙwarai amma hawa ɗaya ne a cikin kowanne, saboda haka dole a ɗora kaya a kan kaya.

Ranar da Hajiya ta zo

Mun kasa kayan kashi huɗu: na kullum, na lokaci-lokaci kamar azumi da salla da suna, na ajiya waɗanda za su bar kicin amma ba za su bar gidan ba, da waɗanda za su fita. Kashi na ƙarshe bai yi gardama ba a farko. Murafe marasa tukwane, da fasassun robobi, da ƙonanniyar bilanda, da tukwanen da suka huje, duk aka tara wa 'yan gwangwan suka auna a sikeli suka biya. Magungunan da wa'adinsu ya wuce aka fitar, masu sauran amfani aka mayar ɗakin Yaya a akwati mai makulli, tunda zafi da tururin kicin suna lalata magani.

Ranar Lahadi da hantsi Hajiya ta iso daga cikin birni, domin labari ya kai mata cewa ana fitar da kayan ɗakin 'yarta. Ta tsaya a bakin baranda ta dubi samirunta a kan tabarma, ta ce, "Yanzu abin da na tara miki da guminki da nawa, shi ne ya zama shara?" Yaya ta russuna ta ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, ba zubarwa za a yi ba, wuri za a sauya musu." Ni kuwa sai ta juyo kaina ta ce, "Ke ce da wannan aikin, na sani, boko ya gaya miki kwano ya yi yawa." Ban yi musu ba. Na kawo mata kujera, na nuna mata katakon da ya ruɓe da gorar kananzir, sannan na roƙe ta ita da kanta ta raba kayan ajiyar, tunda ta fi mu sanin asalin kowanne.

Wannan roƙo shi ne abu mafi amfani da na yi a kwana biyun nan, ko da yake ban tsara shi ba. Hajiya ta zauna ta ɗauki kwanonin ɗaya bayan ɗaya tana faɗin wanda ya kawo kowanne da bikin da aka kawo shi. Samira da kwalla ta ce a wanke a goge a mayar ɗakin Yaya, a jera a saman sif inda asali can ne wurinsu. Saitin tangaran ɗaya da ba a buɗe ba ta ce a ɗaure a ajiye wa yarinyar da ake riƙo, domin ita ma ranarta tana zuwa. Ɗayan kuma, tare da kuloli shida, ta ce a kai gudummawa gidan wata maƙwabciya da ke shirin aurar da marainiya. Robobin biki aka zaɓi goma sha biyu masu murfi, sauran aka raba wa almajirai da masu aikin gida na unguwa. Abin da zai zama asara a idonta idan ni na fitar, ya zama alheri da ta fitar da hannunta.

Wuri ɗaya muka saɓa. Ni na ce kuloli shida sun isa gidan, a fitar da sauran, tunda biyar kacal na ga an taɓa a kwana uku. Hajiya ta ce a'a, a bar goma sha bakwai, shida a kicin, sha ɗaya a sito, kuma ba ta ba da dalili ba illa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yi shiru don girmamawa, amma a raina ina ganin son tara kaya ne.

Sabon zama

Ƙa'idar da muka bi wajen mayar da kaya ita ce duk abin da ke cikin jerin 34 ya zauna tsakanin kafaɗa da gwiwar mai girki, a ɗauke shi da hannu ɗaya ba tare da an ɗaga wani abu ba, kuma tsayin yarinyar muka auna da shi, tunda ita ce mafi gajarta cikin masu shiga kicin. Kabad masu gilashi, waɗanda suka shekara bakwai suna baje kolin tangaran, suka koma wurin faranti da kofuna na kullum da kwalaben kayan miya. Kabad na ƙasa mafi kusa da ƙofa ya zama na kayan tsakar gida kaɗai, wato tukunyar tuwo, da ta wake, da madambaci, da kwanon tankaɗe, domin mai fita da su ya ɗauka a taku biyu. Kayan lokaci-lokaci suka hau saman kabad da kantar sito.

Kayan miya muka juye a kwalaben Bama da aka wanke aka shanya, da robobin kastad masu murfi, ba mu sayi ko ɗaya ba. Kuka da kuɓewa da karkashi aka nisanta su da tururin tukunya, citta da kanumfari da masoro aka nisanta su da zafin gas, daddawa aka ƙara shanya ta aka ba ta kwalba mai matsattsen murfi don kada warinta ya kama sukari da ganyen shayi, kanwa kuma aka fitar da ita daga ƙaramar tukunyar alminiyon da take ciki, domin tana cin irin wannan ƙarfe. Albasa da dankali da doya aka fitar da su daga rufaffen kabad zuwa kwanduna daban-daban inda iska ke ratsawa. A sito, kafinta ya haɗa ɗan dandamali na katako aka ɗora buhuna a kai, da tazara tsakaninsu da bango. Waken da ya bushe sosai, wanda ke fashewa ƙaras idan an ciza, aka zuba a jarkoki aka cika har wuya aka toshe, tunda ƙwaron wake ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga, kuma wannan ya raba gidan da zuba magani a cikin abinci. Aka kuma yanke cewa da damina niƙan mako ɗaya kawai za a riƙa yi, a baza garin ya huce daga zafin inji kafin a rufe shi.

Durowa ta sama ta zama ta cokula kaɗai, da 'yan katakai da kafinta ya gitta a ciki suka raba ta gida uku. Wuƙaƙe suka koma kwando a kabad na sama saboda auta. Ta biyu ta ɗauki gwagwa da mara da abin buɗe gwangwani da ashana, ta uku tsummokan goge-goge da ledoji a ninke, ta huɗu muka bar ta wayam. Muciya da maburgi da ludayi ba su shiga durowa ba ko kaɗan, domin dogaye ne, kuma icen da aka rufe da danshi yana yin baƙi, sai aka kafa sandar ƙarfe mai ƙugiyoyi a bango kusa da ƙofa aka rataye su. Kafintan da aka kira don ƙarin kabad ya ƙare da sauya gindin wanda ya ruɓe, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya ƙara hawa ɗaya a cikin uku na ƙasa. Mai gyaran famfo ya ɗaure bututun, aka toshe ramin da ke kewaye da shi da siminti, wanda ta nan ɓera ke shigowa. Tukunyar gas, wadda Yaya ta so a ɓoye a kabad don kyan gani, aka bar ta a fili kusa da taga, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya zurara a rufaffen wuri taruwa yake yi. Fiya-fiya ta bar gidan gaba ɗaya, kananzir ya koma galan a ɗakin ajiyar gawayi mai kwaɗo.

Bayan wata takwas

A makonni na farko na sake ƙirga zirga-zirgar yarinyar a girkin tuwo, ta sauko daga sha ɗaya zuwa uku. Yaya ta ce ba ta sake aika yaro sayen rariya ba, kuma da na tambayi yarinyar a keɓe ko har yanzu ana yi mata faɗan ɓatan kaya, ta yi murmushi ta ce yanzu ita ce ke yi wa yara faɗa idan suka rataye ludayi a ƙugiyar maburgi.

Amma ba komai ne ya zauna yadda na tsara ba. Takardun sunan da na manna wa kwalabe da salatif sun ɓamɓare cikin wata biyu saboda tururi da jiƙaƙƙen hannu, sai aka rubuta a kan murafen da ɗan fenti. Da hunturu ya kama a Disamba, kayan da muka rataye a bango suka riƙa kwana da ƙura, dole a ɗauraye muciya kafin a tuƙa, har sai da Yaya ta ɗinka musu ɗan labule. Na yi tsarina da damina, ban tuna da ƙurar hunturu ba. Bukukuwan ƙarshen shekara sun shigo da sababbin robobi kusan ashirin, kuma tunda ba a mayar da kyautar biki, aka ware kwando ɗaya a sito da sharaɗin idan ya cika a rabar kafin a ƙara. Durowa ta huɗu da muka bari wayam, maigidan ya sake cika ta da makullai da batura cikin mako uku. Yaya ta ce a bar masa, ni ma na ga hakan ya fi, domin tarkacen da ke da durowa ɗaya sananniya ba ya bazuwa zuwa sauran ukun.

Babban kuskurena ya bayyana ne da azumin 2024, wanda ya kama a watan Maris. Jerin kaya 34 na kwanakin da ba azumi ba ne. Da watan ya tsaya, tanda da kaskon ƙosai da manyan kofunan kunu da bokitin zoɓo duk suka zama na kullum, kuma sai da aka yi musanya, aka sauko da su aka hau da wasu. Kuloli kuwa, kowace yamma sai an zuba na masallacin unguwa, da na gidan surukai, da na Hajiya a birni, da na ƙanin maigidan da abokan karatunsa, da na maƙwabta biyu, kuma kular da ta fita yau ba lalle ta dawo gobe ba. Na je shan ruwa a rana ta goma, na leƙa sito na tarar daga cikin sha ɗayan nan da Hajiya ta hana a fitar, biyu kacal suka rage a kan kanta. Bayan salla aka tattaro su daga gidaje, aka wanke aka mayar, tanda ta koma sama, kuma da na koma a farkon Mayu kafin ruwa ya sauka sosai, na sa hannu a gindin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke na ji shi a bushe, babu komai a ciki sai bokiti da soso da sabulu.